Zauren Tambaya: Ina Za a Kai Yaro Mai Buƙata ta Musamman a Jihar Tawa?

Wasiƙun wannan fitowar duk daga jihar Tawa suka zo, kuma duk a kan yara ne masu naƙasa ko masu wahalar karatu. Masu amsawa su ne malamin koyar da yara masu buƙata ta musamman, da ma'aikaciyar kine, wato mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, da ma'aikacin sashen taimakon jama'a na asibiti. Mun taƙaita wasiƙun, mun cire sunaye.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗiyata shekararta huɗu. Sanƙarau ya kama ta a bazarar da ta wuce, Allah ya tashi kafaɗunta. Amma tun daga nan in an kira ta ba ta waiwayowa, maganarta ma ta fara lalacewa. An wanke mata kunne, ba canji. Kakarta ta ce a bar ta, zai buɗe da kansa. Me za mu yi? *Wata uwa, unguwar Wadata, Tawa*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ƙara mata lafiya. Wankin kunne ba ya kaiwa inda ciwon yake. Can ƙuryar kunne sanƙarau ke yi wa ɓarna, wurin da sauti ke juyewa ya zama saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya lalace a nan yawanci ba ya dawowa. Maganar da nauyi, mun sani, amma gara ki ji ta yanzu da ki share shekara biyu kina jiran kunne ya buɗe. A daina wankin, kada kuma a ɗiga mata mai ko ruwan ganye.

Abin farko shi ne a auna abin da ya rage mata na ji. Ki je likitar unguwarku da karnenta na asibiti da takardar sallama, a rubuta muku takardar turawa zuwa babban asibitin jiha, CHR, ki ce likitan kunne kike son gani, wanda ake kira ORL. Gwajin da ake buƙata sunansa odiyogaram. Ana sa wa yaro abin saurare a kunne, a riƙa sako sauti daga ƙarami zuwa babba, duk sanda ya ji ya jefa tsakuwa a kwano. Ƴar shekara huɗu za ta iya in an koya mata wasan a gida tukuna: ke ki buga murfin tukunya, yayarta ta jefa tsakuwa, ita tana kallo, har ta gane dokar wasan. In ta kasa, akwai wani gwajin, PEA, da ake yi yaro yana barci an manna masa wayoyi a goshi da bayan kunne. Wannan na manyan asibitoci ne, likitan zai faɗa muku inda za ku same shi.

Iyaye da yawa sukan ce ai tana ji, tun da in ana daka tana waiwayawa. Bugun turmi ta ƙasa yake bi, a tafin ƙafa take jin sa. In kina son gwadawa da kyau, wani ya ɗauke mata hankali da abin wasa, ke ki tsaya bayanta da taku biyu, inda inuwarki ba za ta faɗa gabanta ba, ki kira sunanta da muryar hira, sannan ki kaɗa cokali a kofin shayi, ta dama, sai ta hagu.

Maganar da ta iya kafin ciwon ita ce ke zubewa yanzu, domin ba ta jin muryar kanta balle ta gyara. Ku ci gaba da yi mata magana kullum, fuska da fuska. Ki durƙusa daidai tsawonta, haske ya kasance a fuskarki, mayafi kada ya rufe baki. Ihu ba ya ƙara komai, murguɗa leɓe kawai yake yi ta kasa karantawa. Da dare a tsakar gida ba ta ganin bakin kowa, hirar duka ta wuce ta, don haka a kunna fitila inda ake zaune.

Wasu suna gudun maganar hannu, wai za ta hana yaro magana da baki. Ba ta hanawa. Abin da ke cutar da kurma shi ne ya yi shekarun yarintarsa ba shi da harshe ko ɗaya. Ku nemi manyan kurame na garin ta hanyar ƙungiyar kurame ta ƙasa, ASN, ko reshen jiha na tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu, FNPH. Gidan duka su koya, har maigida, ko alama biyar ce a mako.

Makarantar kurame ta Hassane Bana Bâ tana Yamai tun 1980, akwai kuma a Maraɗi da Damagaram. A ganinmu ƴar shekara huɗu ba ta isa rabuwa da uwa ba. Ku fara tambayar ofishin sufeton makarantun firamare wace makaranta ce a nan Tawa ke da malamin da ya iya maganar hannu. In ta kai shida ko bakwai ba a samu ba, sai a yi shawarar Maraɗi, wadda ta fi Yamai kusa, in akwai ɗan'uwa amintacce da zai riƙe ta.

Na'urar kunne kuwa sai bayan gwaji, domin da sakamakon ake saita ta, kuma wanda jinsa ya tafi gaba ɗaya ba ta yi masa komai. Ta kasuwa, wadda ke ƙara kowane sauti ba zaɓi, tana iya ƙarasa ɗan abin da ya rage. In an samu ta gaskiya, ku san cewa batirinta mako ɗaya zuwa uku yake yi, robar da ke shiga kunne ana sake ta duk wata shida zuwa shekara saboda kunnen yana girma, kuma in ta fara fito to robar ce ta yi sako-sako. Gumi da ƙurar hunturu su ne ajalinta: a goge ta da busasshen ƙyalle kowane dare, a buɗe gidan batirin.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara tara, yana CE1, aji uku na firamare, yana da farfaɗiya. Ya faɗi a aji, wasu iyaye suka yi ƙorafi, aka ce ya zauna gida sai ya warke. Muna ba shi Gardénal duk ranar da abin ya tashi. *Wani uba, Illela*

Amsa: Malam, gyara na farko a gidanku yake. Maganin farfaɗiya kullum ake shan sa, a lokaci ɗaya, ko yaro ya faɗi ko bai faɗi ba. Aikinsa ya zauna cikin jini ya tare faɗuwar kafin ta zo. Ƙwayar da aka ba shi bayan ya faɗi ba ta tare komai ba, kuma a sha yau a bari gobe yana iya tayar da jijjiga mai tsawo wadda ta fi ta da haɗari.

Ku kai shi asibitin gunduma a ɗora shi kan sikeli, domin da kilo ake yanka magani, kuma abin da ya ishe shi yana shekara shida ba zai ishe shi yanzu ba. Ku tafi da bidiyon faɗuwar in akwai wanda ya ɗauka a waya, ya fi dogon bayani amfani ga likita. Gardénal yana da araha kuma yana aiki, amma wasu yara yana sa su barci a aji, wasu ya sa su ƙiriniya da rashin natsuwa. In kun ga haka ku faɗa, akwai Tégrétol da Dépakine, likita ne zai zaɓa gwargwadon irin faɗuwar. Ku sayi na gaba tun da sauran na mako ɗaya, kuma a farmasi, domin na masu yawo da magani a faranti ba wanda ya san abin da ke ciki ko ranar da ya sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum bakwai cikin goma suna daina faɗuwa in suna shan magani daidai. Ba a maganar dainawa sai yaro ya yi aƙalla shekara biyu bai faɗi ba, kuma a hankali likita ke ragewa. Ka ga ke nan "sai ya warke" na nufin shekarun karatunsa duka.

Farfaɗiya ba a ɗaukarta, ba ta yawu, ba ta kumfa, ba ta kwanon abinci. Ku nemi likita ya rubuta takardar shaida mai cewa haka, da cewa yaron zai iya zuwa makaranta. Ka kai wa direkta kofinta, ka riƙe ta asali. Ka nemi a zauna da kwamitin makaranta, CGDES, wanda mutane suka fi sani da COGES, da ƙungiyar iyaye mata, kuma in zai yiwu a gayyato majo, shugaban likitar garinku, ya yi bayanin da bakinsa. Iyayen da suka yi ƙorafi tsoro ne ya sa su, sun fi jin ta bakin majo da ta uban yaro. In an ƙi duk da haka, sai ofishin sufeto, da takarda a rubuce. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, ga kuma doka mai lamba 2019-62 ta watan Disamba 2019. Hana yaro makaranta saboda lalura ba shi da madogara.

Ga abin da mushensa, wato malamin ajinsa, ke buƙatar sani. In ya faɗi, a ja tebur da benci gefe, a sa riga ko jaka ƙarƙashin kansa, a duba agogo. Ba a danne shi, ba a cusa masa cokali ko tsumma a baki. Ba wanda ke haɗiye harshensa, amma cokali yana karya haƙori. Da jijjigar ta lafa a juya shi gefe yawu ya zubo. In ta wuce minti biyar, ko wata ta biyo bai farfaɗo ba, sai likita nan take. Ba ruwa, ba rubutu, ba hayaƙi a hanci sai ya dawo hayyacinsa sarai. Addu'a a yi ta yi, ba ta hana shan ƙwaya ba.

A gida kuma abin tsoro rijiya ne, da tabki, da murhu, da hawan icce. Ban da waɗannan, a bar shi ya buga ƙwallonsa.

Tambaya: Jikana ya kusa shekara uku bai zauna ba. An sha wahala wajen haihuwarsa, bai yi kuka da wuri ba. Jikinsa a sanƙare, ƙafafu a harɗe, in ana ba shi kunu yana ƙwarewa. Mun yi gashi, mun yi tsaga. *Wata kaka, karkarar Madawa*

Amsa: Inna, sannu da ɗawainiya. Abin da kuka kwatanta ya yi kama da raunin ƙwaƙwalwa da ke samun jariri in ya rasa iska wajen haihuwa, ko shawara ta yi masa tsanani a makon farko. Raunin ba ya ƙaruwa, ba kuma allurar da ke goge shi. Abin da ke ƙaruwa shi ne ƙagewar gaɓoɓi da tamowa, kuma waɗannan biyun ana iya tare su. A bar gashi da tsaga, zafi ƙara sanƙarar da shi yake yi.

Mu fara da ci, don shi ya fi gaggawa. Kada a yi masa ɗura, kada a ba shi komai yana kwance ko kansa ya lanƙwashe baya. A haka kunu ke bin hanyar iska ya sauka huhu, shi ya sa irin waɗannan yara ke yawan tari da zazzaɓi. A zaunar da shi a cinya, bayansa a miƙe, haɓarsa ta ɗan sunkuyo. Ruwa-ruwa ya fi ƙwarar da shi, don haka kunun ya yi kaurin da zai tsaya a cokali, a sa masa garin ƙuli-ƙuli da cokali ɗaya na man gyaɗa. Ƙaramin cokali, rabinsa, a ɗora a tsakiyar harshe a ɗan danna, a jira ya haɗiye kafin na gaba. Sau biyar ko shida a yini, kowane zama kada ya wuce rabin awa, bayan ya gama ya ƙara rabin awa a zaune. In muryarsa ta koma kamar mai kurkure, a dakata. Ku sa a auna damtsensa a likita. In awon ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, a sa shi cikin shirin masu tamowa. Tun 2006 doka ta ce kula da yaro ƙasa da shekara biyar kyauta ne a asibitin gwamnati, ko da yake wani lokaci magani kan yanke a ce ku saya.

Sai zama. Yaron da ke yini kwance a tabarma rufin ɗaki kawai yake gani. Kafintan garinku zai iya yi masa kujerar kusurwa: katako biyu a haɗa su kamar lungun ɗaki, a kafa su kan na uku. Zurfin mazaunin, a auna daga bayan ɗuwawu zuwa lanƙwasar gwiwa a rage yatsa biyu. Tsayinsa daga lanƙwasar gwiwa zuwa diddige, domin tafin ƙafa ya taka ƙasa sosai. Jinginar ta kai kafaɗa, ko ta wuce kai in bai riƙe wuya ba. A kafa ɗan gungume a naɗe shi da tsumma tsakanin gwiwoyi don kada su harɗe, a sa ɗan tebur a gaba daidai gwiwar hannu. A fara da minti goma, a riƙa ƙarawa zuwa rabin awa, sau da yawa a yini. In kun ɗaga shi kun ga fata ta yi duhu ko ja a wani wuri kuma bai washe ba bayan rabin awa, wurin yana danne shi, a gyara. Goyo yana da kyau gare shi, tun da yana buɗe cinyoyi.

Ku nemi takardar turawa don ganin likitan yara da mai kine. In kun je, kada ku zauna waje kuna jira a gama. Ku shiga, a nuna muku miƙa gaɓa a hankali, a riƙe kamar daƙiƙa talatin ba fizga, ku yi da hannunku a gabansa ya gyara muku. Zuwa kine sau ɗaya a wata ba ya miƙar da ƙafa. Na gida safe da yamma shi ne aikin. Kuma ku riƙa yi masa magana. Da yawa cikin yaran nan suna fahimtar abin da ake faɗa fiye da yadda jikinsu ke bari su nuna.

Tambaya: Na ɗauki hoton ɗana ɗan shekara ɗaya da rabi da dare, sai na ga tsakiyar idonsa ɗaya fari fat. In sa masa kwalli? *Wata uwa, Ƙonni*

Amsa: A'a, Malama. Ki kai shi wurin likitan ido cikin wannan makon. Yana iya zama yanar ido, wadda ake haihuwar yara da ita kuma ake cirewa da tiyata, amma in aka yi jinkiri idon ba zai koyi gani ba ko an cire. Yana kuma iya zama ciwon daji na cikin ido, wanda kama shi da wuri ke ceton rai. Ki nuna wa likitan hoton.

Ga masu yaran da ganinsu ya riga ya tafi: makarantar makafi ta Soli Abdourahmane tana Yamai tun 1979, ana koyar da rubutun Braille mai ɗigo shida, ƙungiyar makafi ta ƙasa, UNAN, ita ce ƙofar tambaya. Kafin nan a bar yaro ya yi yawo a gida, a daina sauya wa kaya wuri, a cire igiyar shanya daga daidai fuskarsa.

Tambaya: Ɗiyar ƙanena nake riƙo, shekararta tara, har yanzu tana CP, aji biyu na firamare. Ba ta riƙe harafi. An ce mana ba ta da kan karatu, gara ta kama talla. *Wata gwaggo, Sabon Gari, Tawa*

Amsa: Hajiya, kafin a yanke mata hukunci a duba abu huɗu masu sauƙi. Ido: ki zana alama a bango da gawayi, ki tsayar da ita nesa tare da sa'arta, ki rufe ido ɗaya bayan ɗaya, ki ga ko tazararsu ɗaya. Kunne: ko yana ruwa, ko tana yawan cewa "na'am?". Jini: ƙarancinsa da yunwar safe suna kashe hankali a aji. Na huɗu, ko takan ɗauke wuta na ƴan daƙiƙoƙi, ido a kafe, a kira ta ba ta amsa, sannan ta ci gaba kamar ba a yi ba. Wannan wata irin farfaɗiya ce marar faɗuwa, tana da magani. Ki kuma tuna da Faransanci ake karantar da ita, harshen da ba ta ji a gida.

Sannan ki dube ta a wajen makaranta, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In tana kai saƙo daidai, tana gane canji, tana wasa da sa'o'inta, to matsalar a harafi kawai take, ba a hankali ba. In kuwa ta yi jinkirin tafiya da magana, har yanzu sai an sa mata riga, ƙannenta take bi wasa, to jinkirin fahimta ne gaba ɗaya. Ko wanne ne, tana iya koyo, saurin ne ba ɗaya ba.

Ki je wurin mushenta ba ranar da aka kira ki ba, ki roƙi abu uku da ba sa cin kuɗi: ta zauna gaba kusa da allo, a haɗa ta da yarinya mai haƙuri, a riƙa ba ta umarni ɗaya a lokaci ɗaya. Ku yarda kan buri uku kacal a kowane zango, misali ta rubuta sunanta, ta ƙirga zuwa ashirin da tsakuwa, ta gane wasula biyar. Malamin da ke da yara fiye da sittin a ajin zana ba zai iya mata darasi daban ba, amma zai iya waɗannan. Handicap International, wadda ta koma Humanité et Inclusion a 2018, ta horar da malamai a Nijar kan karantar da irin waɗannan yara tare da sauran. Ki tambayi ofishin sufeto ko akwai ɗaya daga cikinsu kusa da ku. A gida minti goma sha biyar kullum ya isa, harafi ɗaya, a rubuta a ƙasa da yatsa, a tsaya tun ba ta gaji ba. Bulala ba ta taɓa sa harafi ya zauna ba. In ta tasa, akwai cibiyoyin koyon sana'a, CFM.

Talla kuwa ba mu goyi baya ba sam. Yarinya mai jinkirin fahimta, ita kaɗai da faranti a tasha ko gareji, ita ce wadda mugu ya fi nema, don ya san ba za ta iya ba da labari ba.

Tambaya: Yaronmu shekara biyar ba ya magana, amma yana ji. Ba ya kallon ido, yana ta juya murfin kwalba, in an buɗe ƙofa sai ya ruga. Dole muke ɗaure masa ƙafa. *Wasu iyaye, Keita*

Amsa: Mun san tsoron mota da rijiya ne ya kai ku ga igiya, amma a kwance shi. A ɗaure ƙofar maimakon yaron: sakata a sama inda hannunsa ba ya kaiwa, murfi mai nauyi a rijiya, lambar wayar babansa a ɗinke cikin rigarsa, a kuma sanar da maƙwabta da mai shagon bakin layi.

Alamun sun yi kama da lalurar otizim, amma likitan yara ne zai tabbatar, kuma a gwada jinsa duk da kuna ganin yana ji. Ba ƙwaya ko jiƙo da ke warkar da ita. Duk wanda ya ce yana da shi, kuɗinku yake so. Abin da ke taimakawa shi ne yini mai tsari ɗaya, da hanyar da zai faɗi buƙatarsa. Ku fara da kaya na zahiri: kofi yana nufin ruwa, takalmi yana nufin fita, buta bayan gida. In yana son ruwa, wani ya kama hannunsa ya miƙa muku kofin, ku ce "ruwa", ku ba shi nan take. Ku yi mako biyu kuna lura da abin da ke faruwa dab da ya fara ihu: ƙarar injin niƙa, taron biki, yunwa, an ɗauke murfinsa. Yawanci abu biyu ko uku ne ke maimaituwa. In wata rana za ku biya wata cibiya mai zaman kanta a Yamai, ku tambaya yara nawa ke hannun malami ɗaya, kuma ko za a bar uwa ta shiga ta kalla. Inda aka hana kallo, ku riƙe kuɗinku.

Tambaya: An haifi ɗana da ƙafafu a murɗe ciki, yanzu watansa takwas. An ce mu je Yamai. Ni manomi ne, ba ni da kowa can. An ce akwai taimako ga naƙasassu, ta ina ake samunsa? *Wani uba, Buza*

Amsa: Malam, taimakon yana nan amma a warwatse, kuma kowane ofis takarda yake tambaya. Ka haɗa waɗannan cikin leda ɗaya: takardar haihuwar yaron, karnensa, takardar turawa, takardar shaidar likita mai faɗin lalurar, da katinka. In ba a yi masa takardar haihuwa ba, ka je ofishin magajin gari a gaya maka ko sai an bi ta kotu. Zai buƙace ta ranar shiga makaranta ma. A ofishin magajin garin kuma ake neman takardar shaidar rashin hali. Kowace ka yi mata kofi uku, ta asali ba ta barin hannunka. Tun 1996 akwai dokar da ta ɗauke wa naƙasassu kuɗin kwanciya a manyan asibitocin ƙasa, amma ba mai karɓar kuɗi ne zai tuna maka ba. Da ka shiga asibiti, ka tambayi ofishin taimakon jama'a tun kafin ka biya komai. Ka yi rajista da reshen FNPH na jiha, don in tallafi ya zo jerin sunayensu ake dubawa. Wanda ya zo ƙauye yana karɓar jika biyu don ya rubuta suna a wani shiri, a tambaye shi takardar aikinsa a gaban maigari.

Asibitin yara na CURE da ke Yamai, wanda aka buɗe a 2010, irin wannan aikin yake yi: murɗaɗɗiyar ƙafa, gwame, tsagaggen leɓe, gaɓar da ƙuna ta ƙage. Sai dai tafiyar ta haura kilomita 500, kuma gyaran ba na zuwa ɗaya ba ne. Ana ɗaura filasta daga yatsu zuwa cinya, a sake ta duk mako, kamar sau biyar zuwa takwas, sannan yawanci a ɗan yanka jijiyar agara, a sa filastar ƙarshe ta mako uku. Saboda haka ka fara tambaya a asibitin gunduma ko akwai inda ake wannan ɗaurin kusa da ku. In dole sai Yamai, a kira a karɓi rana tukuna, ku isa farkon mako, ka kuma lissafa da cewa uwar za ta yi kusan wata biyu.

In yana cikin filasta, a duba yatsunsa safe da yamma. In sun kumbura, ko sun yi sanyi, ko sun shige ciki ba a ganinsu, a koma ranar, ba a jiran mako ya cika. Bayan filasta sai takalma biyu da aka haɗa da sandar ƙarfe: awa 23 a yini har wata uku, daga nan da dare da barcin rana har ya kai shekara huɗu ko biyar. Kwanakin farko zai yi kuka, kakanni za su ce a cire masa. Yawancin ƙafafun da suka sake murɗewa, takalmin aka ajiye. A sa masa safa marar ninki, a tabbata diddige ya zauna har ƙasan takalmin, in yatsu sun fara leƙowa waje a koma a sauya masa babba.